Rigar mota tsakanin ranar Sakkwato da ƙurarta

Duk wanda ya mallaki mota a Sakkwato ya san cewa abubuwa biyu ne suke cin jikinta tun kafin injinta ya gaji, wato rana da ƙura. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a ranaku da yawa, sannan daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan sauko daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa daga cikinta yake tasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi. Damina kuwa gajera ce a wurinmu, daga Yuni zuwa Satumba, ko da yake takan shigo da iska mai ƙarfi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yadda rigar mota ta yawaita a unguwanni, domin daga Mabera zuwa Arkilla da Runjin Sambo da wuya mutum ya ratsa layi bai ga mota a lulluɓe a ƙofar gida ba. Abin da ya sa na ga ya dace in yi rubutu a kanta shi ne, da yawa daga cikinmu muna sayenta da tunanin cewa da zarar an lulluɓe mota an gama, alhali abin da riga ta fi yin maganinsa da kanta shi ne rana. Ƙura kuwa, idan ba a kula ba, riga tana iya haɗa kai da ita su yi wa mota ɓarnar da ta fi ta barinta a buɗe.

Amfanin riga a kan rana babu jayayya a cikinsa. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa wanda yake kama ƙarfe ya hana shi tsatsa, akwai na launi, sannan a samansu akwai wani garau marar launi wanda shi ne yake ba mota sheƙi, kuma kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Wannan siririn hawa na sama shi ne yake karɓar hasken UV, wato wani haske mai ƙuna da ke cikin rana wanda ido ba ya gani, shekara da shekaru, har ya gaji ya fara yin fari-fari, daga nan ya fara ɓarewa. Shi ya sa za ka ga motocin da aka shigo da su daga Kwatano da fenti mai kyau, bayan sun yi wasu shekaru a fili rufinsu da bonet da murfin but sun yi dabbare-dabbare, amma ƙofofinsu suna nan lafiya, domin su rana ba ta sauka a kansu kai tsaye da tsakar rana. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu sun fi saurin nuna wannan gajiya. Fitilun gaba ma yanzu na roba ne mai tauri, ba na gilashi ba, kuma rana ce take mayar da su rawaya su dusashe har haskensu ya ragu da dare. A cikin mota kuwa, idan an rufe gilasai an bar ta a rana a watan Afrilu, zafin iskar ciki yana iya wuce digiri 60, saman dashbod kuma ya fi haka, wanda shi ne dalilin tsagewarsa da bushewar fatar kujeru da sandarewar robobin ƙofa. Riga mai haske wadda take mayar da hasken rana tana rage duk wannan sosai, kuma a kan wannan kaɗai ta cancanci kuɗinta.

Matsalar tana wajen ƙura, kuma a nan nake so in daɗe. Ƙurar da muke gani kamar gari a kan mota ba gari ba ce mai laushi, domin a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin yashi waɗanda suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba, har ma sun fi gilashin mota tauri. Muddin tana kwance a kan fenti babu abin da ya taɓa ta, ɓarnarta kaɗan ce. Amma da zarar an ɗora riga a kanta, iska ta taso ta fara kaɗa rigar, sai kowace ƙwayar yashi ta shiga tsakanin yadi da fenti tana gugawa gaba da baya dare da rana, rigar ta zama tamkar samfefa. Na taɓa tsayawa a wurin wani mai fenti lokacin da wani dattijo ya kawo baƙar motarsa yana kukan cewa rana ta kashe mata sheƙi duk da cewa kullum a lulluɓe take. Mai fentin ya sa aka juya motar ta fuskanci haske, ya goge gefen rufi da jiƙaƙƙen tsumma, ya nuna masa da yatsa. A kan kusurwar rufi, da bayan madubai, da gefen bonet, da ƙarshen murfin but, duk wuraren da riga take dafewa ta ja, fentin ya yi wasu siraran zane-zane masu yawan gaske, ya dusashe, amma tsakiyar ƙofa inda riga ba ta cika taɓawa ba yana nan da sheƙinsa. Sai ya ce masa, "Alhaji, wanga ba aikin rana ba ne, aikin riga ne. Ana sa mata ita da ƙura a jiki." Dattijon ya yi shiru, domin yaron gidansa yana lulluɓe motar kowace yamma da zarar an dawo daga kasuwa, ba tare da an wanke ta ba.

Daga nan ne ya kamata mutum ya tambayi kansa ko irin amfanin da yake yi da motarsa ya dace da riga. A ganina, wanda yake fita da mota kullum da safe ya dawo bayan la'asar, musamman a lokacin hunturu, ba shi da wata riba a lulluɓe ta da dare, domin da dare babu ranar da za a kare ta daga gare ta, kuma ta dawo ne da ƙurar hanya a jikinta. Irin wannan mutum abin da ya fi bukata shi ne inuwa a wurin aikinsa, da abin tare rana da ake shimfiɗawa a bayan gilashin gaba, ko kuma gajeriyar riga wadda take rufe rufi da gilasai kawai. Cikakkiyar riga ta fi dacewa da motar da take yin kwanaki a ajiye: mota ta biyu a gida, ko ta wanda yake zagayawa cikin gari da babur ya bar mota sai ranar Juma'a ko ranar tafiya, ko ta matafiyi, ko ta dillali da take jiran mai saye.

Idan an tabbatar ana bukatarta, sai maganar zaɓi. Mafi yawan masu saye tambayarsu ta farko ita ce ko ruwa yana ratsa ta, mai sayarwa kuma ya yi rantsuwa cewa ko ɗigo ba ya shiga. A garin da yake yin kusan wata takwas ba ruwan sama, wannan ba ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ba, kuma rigar da ba ta barin komai ya shiga ba ta barin komai ya fita. Danshin da yake tasowa daga ƙasa bayan an yi ruwa, ko raɓar asuba a ƙarshen damina, yakan taru a ƙarƙashin irin wannan riga, rana ta fito ta dafa shi a kan fenti, sai a ga fararen tabo kamar gajimare a bonet, ga warin funfuna a cikin mota, ga tsatsa tana kama duk inda fenti ya taɓa ƙwarzanewa. Saboda haka tamfol mai kauri irin na rufe buhunan hatsi a kan babbar mota, da baƙar leda, ba su dace da jikin ƙaramar mota ba ko kaɗan, duk da cewa suna da ƙarko. Bayan riƙe danshi, cikinsu yana da kaushi, suna da nauyi, kuma masu duhun launi suna tara zafi maimakon su kore shi. Abin da ake nema shi ne yadin da yake tare ruwa daidai gwargwado amma yake barin tururi ya fita, ko kuma wanda aka yi masa ƙofofin shan iska a gefe, waɗanda aka rufa musu baki ta sama yadda ruwa ba zai shiga ba.

A kasuwa za ka tarar da iri uku ko huɗu. Akwai siririya ta foliyesta mai ruwan azurfa wadda take zuwa a ƙaramar jaka, ita ce mafi araha, kuma a kanta ne karin maganar nan ta araha ba ta ado ta fi tabbata, domin sau da yawa bazara ɗaya take yi ta ruɓe, ta fara yagewa da an ja ta, azurfar kuma ta koma gari tana zuba a kan mota. Akwai mai kauri wadda ake rubuta lamba kamar 210D ko 300D a jikin jakarta, lambar kuma tana nuna kaurin zaren ne, gwargwadon girmanta gwargwadon ƙarfin yadin. Akwai mai hawa da yawa wadda aka yi wa fuskar alminiyum a waje da shafin auduga a ciki, wadda tana korar zafi sosai amma ba kowace ce take shan iska ba. Kafin ka biya kuɗi, ka sa a fito da ita daga jaka. Ka ɗaga wani sashe ka duba ta wajen rana ka ga yawan hasken da yake ratsowa, ka kankare fuskar da farce a hankali ka ga ko azurfar tana biyo farcen, sannan ka juya cikinta ka shafa a bayan hannunka. Idan ka ji kaushi a fatarka, fenti ma zai ji. Ka duba ɗinki kuma, domin daga nan riga take fara mutuwa: ɗinki biyu ya fi ɗaya, kuma wanda aka liƙe bayansa ya fi hana ruwa bi ta hujin allura.

Girma shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi, alhali shi ne yake raba rigar da za ta zauna lafiya da wadda za ta yi ta kaɗawa. Haruffan da ake rubutawa a jaka, irin su M da L da XL, ba ma'auni ɗaya ba ne a wurin dukkan masu yi, don haka gara mutum ya auna motarsa da tef daga bamban gaba zuwa na baya ya tafi kasuwa da lambar. Toyota Corolla tana kusan mita 4.5, Camry da Honda Accord kusan mita 4.8, Golf 3 kusan mita 4, Sienna ta ɗan haura mita 5, Hilux mai ƙofa huɗu kuma wajen mita 5.3. Siffa ma tana da muhimmanci, domin rigar da aka yanka wa mota mai but ba za ta zauna daidai a kan mai gajeren baya ko a kan jif ba, ko da tsawonsu ya zo ɗaya. Wadda ta yi yawa tana tara iska a ciki, wadda ta yi kaɗan kuma tana matse kusurwoyi ta yage a kan madubi. Ina ganin masu ɗinkin kujerun mota da muke da su a gari suna da abin da za su taimaka a nan, domin idan ka samo yadi mai kyau za su iya auna motarka su ɗinka mata daidai jikinta, da aljihun madubai, da roba a gaba da baya, da maɗauri a ƙasa. Ko rigar kanti ka saya, kai ta a rage mata inda ta yi yawa a ƙara mata maɗauri ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma yana ƙara mata kwana.

Maɗaurin nan ba ado ba ne. Robar da take bakin riga ba ta isa ta riƙe ta ba idan hadarin farkon damina ya taso da guguwarsa a watan Mayu ko Yuni. Ana bukatar igiya aƙalla ɗaya da za ta ratsa ta ƙarƙashin mota a tsakiya, in da hali a ƙara ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma maƙalan su kasance na roba, domin na ƙarfe idan iska ta fizge shi ya daki ƙofa zai bar tabo. Ɗora bulo ko duwatsu a kan rufi da bonet don a danne riga, wanda ake yawan yi, yana lotsa ƙarfe kuma yana niƙa yashi a kan fenti.

Wajen sa riga, sharaɗi na farko shi ne mota ta kasance wankakkiya kuma busasshiya. Idan babu halin cikakken wanki, a kwarara mata ruwa daga sama ya tafi da ƙurar tukuna, sannan a tsane ta da tawul mai laushi mai tsabta, kada a bi ta da busasshen tsumma, domin shi ma gugar yashin yake yi. A tsane ta da wuri kuma a inuwa, saboda ruwan rijiyar burtsatse na wasu unguwanni yana barin farin tabo idan ya bushe da kansa a kan fenti mai zafi. Sharaɗi na biyu shi ne a bar mota ta huce bayan tafiya, domin bakin salansa yana iya narkar da yadi ya manne. A sauke eriya, a tabbatar an rufe gilasai. Sai a ɗora rigar a naɗe a tsakiyar rufi, a warware ta zuwa gaba da baya, a fara sa aljihun madubai, a ja ta ƙarƙashin bamban gaba, sannan na baya, a ƙarasa da maɗauri. Mutum biyu sun fi mutum ɗaya a wannan aiki, don kada a riƙa jan yadi a kan fenti.

Cire ta ya fi sa ta bukatar natsuwa, kuma a nan ne rigar mutane da yawa take lalacewa. Na sha ganin an fizge riga daga baya an jefar da ita a ƙasa a tsakar gida, cikinta ya kwashi yashi, da yamma kuma a mayar da ita kan wankakkiyar mota. Yadda ya dace shi ne a fara kakkaɓe ƙurar da ke samanta a hankali, a kwance maɗauri, a ɗago gefen dama da na hagu a ninka su zuwa kan rufi yadda waje zai haɗu da waje, sannan a naɗe ta daga gaba zuwa baya a sa a jakarta. Ta haka fuskar da take shan ƙura ba za ta taɓa haɗuwa da fuskar da take taɓa fenti ba. Yana da kyau a yi wa gaban rigar alama da zare mai launi idan ba ta zo da alama ba, don kada a riƙa juya ta a kan mota ana neman gaba.

Akwai wurin da riga take da amfani ko da babu rana, wato ƙarƙashin itace. Inuwar dogon yaro ita ce garejin mafi yawan mutanen garin nan, amma tana zuwa da kashin tsuntsaye da na jemagu da 'ya'yan itacen da suke faɗowa su fashe. Kashin tsuntsu yana da sinadari mai cin fenti, kuma idan ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yana iya barin tabon da wanki ba ya fitarwa. Riga tana ɗauke wannan gaba ɗaya, sai dai a riƙa wanke wurin da ya ɓata a jikinta kafin ya ci yadin.

Wanda zai yi doguwar tafiya, kamar maniyyacin da zai tashi zuwa aikin Hajji ya yi wata guda ko fiye, ya kamata ya bar wa wani amintacce a gida amanar motar, ba ya lulluɓe ta ya tafi kawai ba. A riƙa ɗage rigar lokaci-lokaci, musamman washegarin ruwan sama, a bar mota da rigar su sha iska su bushe kafin a mayar. Duhu da shirun da ke ƙarƙashin riga suna jawo ɓeraye, su kuma suna cin wayoyin lantarki a cikin injin, don haka kada a bar abinci ko hatsi a cikin motar, kuma a riƙa buɗe bonet ana dubawa. Akwai kuma abin da ya fi duk wannan girma, wanda nake roƙon kowane magidanci ya riƙe shi da gaske: a kulle ƙofofin mota da but kafin a lulluɓe ta, a ajiye makulli inda yara ba za su kai ba. Yara suna son ɓuya a cikin motar da aka ajiye, ƙofa tana iya rufewa su kasa buɗewa, riga kuma tana hana a gan su ko a ji su da wuri, alhali a zafin garin nan ɗan lokaci kaɗan ya isa a yi asarar rai. Idan aka nemi yaro a unguwa aka rasa, motocin da suke ajiye suna cikin wuraren da ya kamata a fara dubawa.

Motar da aka yi wa sabon fenti kada a sa mata riga nan da nan. Fentin yana ci gaba da fitar da sinadaransa yana ƙara tauri har tsawon wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon irin fentin da yadda aka busar da shi, kuma riga tana iya barin shaidar saƙarta a kansa. A tambayi mai fentin, a nema mata inuwa kafin lokacin ya cika.

Ita kanta rigar tana bukatar wanki, aƙalla a ƙarshen hunturu da kuma ƙarshen damina, ko duk lokacin da ka shafa cikinta ka ji yashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa ta a kan wankakkiyar mota ko a kan igiya, a wanke ta da soso mai laushi da ruwan sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye sosai, sannan a juya ta a yi wa cikin haka. Bilic da omo mai ƙarfi da burushi mai tauri suna cinye abin da aka shafa wa yadin don ya tare ruwa da rana, haka ma murza ta da hannu kamar wankin tufafi. A shanya ta har ta bushe ƙarau kafin a naɗe, domin idan aka sa ta a jaka da danshi funfuna za ta kama shafin audugar, warin kuma ba ya fita da sauƙi. Ƙaramar yagewa a ɗinke ta da wuri, a sa facin ta waje don kada gefensa ya gogi fenti, robar baki kuma idan ta saki tela zai iya canza ta.

Ranar Sakkwato ba ta barin kowace riga ta daɗe kamar yadda takan daɗe a garuruwa masu sanyi. Idan ka ga azurfar tana zuba a kan gilashi, ko shafin ciki ya fara barin gashi a kan fenti, ko yadin yana yagewa da ɗan ja kaɗan, to ta gama aikinta a kan mota, sai a yanka ta a rufe janareta ko injin ban ruwa da ita. Wanda kuma yake da fili a cikin gidansa, ya ga yana sayen sabuwar riga kusan kowace shekara, ya dace ya lissafa kuɗin ya kwatanta da na kafa rumfar kwano mai ɗan tsawo wadda iska take ratsawa. A ƙarƙashin irin wannan rumfa siririyar riga mai laushin ciki ta isa ta tare ƙurar hunturu, kuma za ta yi shekaru tana aiki tunda rana ba ta dukanta.